Kafin ka dasa fiya a lambun gida, tambayi sanyin garinku

A 'yan shekarun nan teburan masu sayar da kayan marmari a Abuja da Kaduna da Kano sun sami baƙuwa. Tana zaune kusa da tuffa da inabi, koriya ko mai jan kunci, siffarta kamar ƙaramin gora mai siririn wuya. Wanda ya gatsa ya ji ruwanta da garas-garas ɗinta, idan yana da ɗan fili a bayan gida, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya ajiye 'ya'yan cikinta ya shuka, ko ya nemi dashenta wurin masu rainon itatuwa na bakin titi. Wannan sha'awa abar yabo ce, amma tana iya cin kuɗi da ruwan shekara biyar ko shida ba tare da an tsinki ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ya sa nake ganin ya dace mu tsaya mu duba yadda ake zaɓen irin wannan bishiya, domin kuwa a nan zaɓen ya fi dashen wuya.

Sai mun fara warware rikicin suna. A bakin yawancinmu, idan aka ce fiya ana nufin abokado, mai ƙaton ƙwallo da nama mai maiƙo. A kudancin Najeriya kuma akwai ube, wadda ake gasawa a ci da masara, ita ma da Turanci sunan nan ɗaya ake kiran ta da shi. Wadda nake magana a kanta ba ta da dangantaka da ko ɗaya cikinsu. 'Yar uwar tuffa ce ta jini, bishiyar ƙasashen sanyi mai zubar da ganye, wadda ɗalibanmu da suka yi karatu a Masar suka sani da suna kummasra. Duk inda na ce fiya a wannan rubutu, ita nake nufi.

Manyan gidaje biyu ne a dangin nan, gidan Turai da gidan Asiya, kuma sun sha bamban a ainihin abin da mai karatu ke nema. Turawa sun shafe ƙarnuka suna ƙoƙarin raba fiyarsu da tauri. A ƙarni na 18 wani limamin coci a garin Mons na ƙasar Beljiyam, Nicolas Hardenpont, ya duƙufa wajen shuka iri da tace su har ya fitar da masu nama mai narkewa a baki. Bayansa Jean-Baptiste Van Mons ya ci gaba da aikin da dubban tsirrai. Saboda haka ne sunayen nau'o'i da dama ke farawa da kalmar Faransanci mai ma'anar abin da aka shafa wa man shanu. Nau'in da masana ɗanɗano suka fi yabawa, Comice, wanda ya fara 'ya'ya a birnin Angers na Faransa a 1849, idan ya nuna da cokali ake shan sa. Ga Bature mai lambu, fiya mai garas-garas fiya ce da ba ta kai ba tukuna.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da masu saye a kasuwanninmu ba su cika lura da shi ba. Akasarin fiyar da ke zuwa mana daga Afirka ta Kudu take, daga gonakin yankunan Ceres da Elgin, kuma 'yar gidan Turai ce. Koriyar nan mai ƙulu-ƙulu a jiki yawanci Packham's Triumph ce, wadda Charles Packham ya samar a Ostireliya a 1896. Mai jan kunci da ɗige-ɗige kuwa Forelle ce, tsohon nau'in Jamus da aka raɗa wa sunan wani kifi mai irin wannan zane. Garas-garas ɗin da muke ji a cikinsu na rashin nuna ne. Hausa tana da kalmomin da suka bayyana lamarin sarai: akwai ƙosawa, akwai nuna. Fiyar Turai ana tsinke ta idan ta ƙosa, kamar yadda ake yi wa mangwaro ko ayaba, domin daga ciki take fara nuna, idan aka bar ta a bishiya har fatar ta yi laushi to tsakiyar ta riga ta lalace. Bayan tsinkewa nau'o'i da yawa sai sun kwana a ɗakin sanyi kafin su yarda su nuna: Comice kamar wata guda, Anjou kusan wata biyu, Forelle kuwa a Afirka ta Kudu sai ta yi mako goma sha biyu, in ba haka ba namanta ya yi gari-gari. Mai lambun gida a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alƙawari ya kamata ya sa wannan a lissafi tun kafin ya haƙa rami.

Gidan Asiya akasin haka ne. A Sin da Japan da Koriya garas-garas ake nema, kuma a kansa aka yi ta tace iri. Fiyarsu a bishiya take nuna, ana tsinke ta a ci nan take, tana da ruwa kamar kankana, kuma ko ta yi makonni a ajiye ba ta zama tuɓus. Da yawa daga cikinsu zagaye suke kamar tuffa, har wasu na ɗauka haɗin tuffa da fiya ne, alhali ba haka ba ne. Ƙasar Sin ita kaɗai tana noma fiye da kashi biyu cikin uku na fiyar duniya, wato idan ana batun yawa, fiya mai garas-garas ita ce ta gama-gari, mai narkewar ce 'yar tsiraru. Daga lardin Hebei nau'in Ya Li ya fito, mai launin ruwan ƙwai da farin nama, sunansa na nufin fiyar agwagwa. A Japan akwai Nijisseiki, wato Ƙarni na Ashirin, wanda wani yaro ɗan shekara goma sha uku ya tsinci tsironsa a kan juji a garin Matsudo a 1888, daga baya ya zama abin alfaharin lardin Tottori. Bayansa cibiyoyin binciken Japan suka fitar da Kosui a 1959 da Hosui a 1972.

Da za a bar ni da harshena kawai, Hosui zan ɗauka. Abin da ake yawan kushe fiyar Asiya da shi shi ne ruwa da zaƙi ba ƙamshi, kamar an jiƙa sukari a ruwan randa. Hosui ta tsira daga wannan zargi saboda tana da ɗan tsami da ke tayar da zaƙin, fatarta kuma ruwan zuma ce mai ɗan kaushi. Nijisseiki ta fi ta kyan gani da tsabtar ɗanɗano, amma ba ta kai ta armashi ba. A gidan Turai kuwa, wanda ke son abin da haƙori zai yi aiki a kansa sai ya dubi Bosc, mai dogon wuya da fata ruwan ƙasa, domin tana yin zaƙi tun namanta na da ƙarfi, ko kuma ƙaramar Seckel ta Amurka mai ɗan yaji-yaji.

To amma harshe ba shi ne alƙali na farko ba. Alƙalin farko sanyi ne, kuma a nan ne mafi yawan asarar ke faruwa. Bishiyar fiya idan ta zubar da ganye sai idanun tohonta su shiga wani irin barci, ba kuwa za su farka yadda ya kamata ba sai sun tara wani adadi na sanyi. Manoma suna ƙirga shi da awa: kowace awa da yanayi ya kasance tsakanin digiri 0 da kimanin digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, an sami awa ɗaya. Hikimar abin a fili take, domin bishiyar da ta yi fure a tsakiyar hunturun Turai saboda rana ta ɗan leƙo na kwana uku, ƙanƙara za ta kashe furen. Shahararren nau'in nan Williams, wanda ya fito daga ƙauyen Aldermaston na Ingila wajen 1770, Amurkawa kuma suke kira Bartlett, yana bukatar awa 800 ko kusa da haka. Yawancin 'yan gidan Turai suna tsakanin awa 600 da 1,000, wasu ma sun haura. Manyan nau'o'in Japan sun ɗan fi sauƙi, amma su ma ɗaruruwan awanni suke nema.

Yanzu mai karatu ya auna da garinsu. Sanyin hunturu da ke sa mu kwana da garwashi a Kano ko Katsina ko Damagaram, wanda ke fasa leɓe da dunduniya, a ma'auni yawanci yana tsayawa ne a digiri goma sha wani abu da asuba, kafin hantsi kuma rana ta kore shi. A lissafin bishiyar fiya wannan kusan babu ne. Abin takaicin shi ne bishiyar ba za ta mutu ta huta da kai ba. Za ta rayu, ta yi tsawo, ta sha ruwa da taki, sai dai rassanta su zama tsirara da ɗan tuntun ganye a can ƙarshe, fure ya fito jefi-jefi cikin watanni maimakon ya ɓarke a mako biyu, wanda ya fito ma ya kaɗe. Mai gida ya yi ta zargin ƙasa, ko tururuwa, ko yaron da ke ba da ruwa. Mai sayar da dashen kuwa ya daɗe da cinye kuɗinsa, kuma ba lallai ne ya yi ƙarya da gangan ba, shi ma wani ne ya ce masa tana yi.

Ƙasashe masu zafi da suka nace sai sun noma fiya sun bi ta wata hanya, kuma abin sha'awa shi ne hanyar ta bi ta gidan garas-garas. A ƙarni na 19 an sami haɗe-haɗe tsakanin fiyar Turai da wata fiyar Sin mai tauri, aka fitar da nau'o'in da ba su cika neman sanyi ba. Kieffer ta fito daga lambun Peter Kieffer kusa da birnin Filadelfiya; Le Conte ta yaɗu daga jihar Jojiya, kuma ita ce har yau ginshiƙin noman fiya a Masar. Jami'ar Fulorida ta fitar da Flordahome a 1982, ana dasa ta tare da Hood, dukansu bukatarsu ba ta wuce awa ɗari biyu zuwa uku ba. A Punjab ta Indiya, inda bazara ke da zafi kamar namu, manoma suna da Patharnakh, sunan da ya samo asali daga kalmar dutse saboda taurinta. Sai dai a faɗi gaskiya, araha ba ta ado. Waɗannan nau'o'i suna da garas-garas, amma a cikin namansu akwai wasu ƙwayoyi masu tauri da ke sa ka ji kamar an bar tsakuwa a shinkafa, Kieffer kuma ta fi dacewa da dafawa ko adanawa a gwangwani. Hood ta fi su laushi da daɗin ci ɗanya. Wanda ya ɗanɗani Hosui ya dasa Kieffer da fatan samun irinta zai ji an yaudare shi.

Manoman Taiwan sun ƙi yarda da wannan ciniki, sai suka ɓullo da wata dabara da ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna ta. A yankin Dongshi suna da bishiyoyin wani nau'in gida mai jure zafi, Hengshan. Kowace shekara sai su sayo idanun fure na Hosui da makamantanta daga Japan ko daga kan duwatsunsu, waɗanda suka riga suka ƙoshi da sanyi a can, su aura su ɗaya bayan ɗaya a kan rassan Hengshan. Idon ya buɗe, ya yi fure, ya ba da 'ya'yan Japan a ƙasar da ba ta da hunturun Japan. Baɗi kuma a sake daga farko. A tsibirin Jaba na Indunusiya, a tuddan Batu, masu noman tuffa suna tsige ganyen bishiya da hannu bayan girbi su lanƙwasa rassa, abin da ke tilasta idanu su farka ba tare da dogon barci ba, har suna girbi sau biyu a shekara. Akwai kuma sinadarin da manyan gonaki ke fesawa don karya barcin, amma guba ne mai haɗari ga mai fesawa, ba na ba mai lambun gida shawarar ya kusance shi.

A yankinmu, wuraren da maganar ke da ƙafa su ne tuddai. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyinta ya isa dankalin Turawa da sitiroberi. Tsaunin Mambila, inda ake noman ganyen shayi, ya kai wajen mita 1,600. A Nijar akwai duwatsun Ayar, inda daren hunturu kan kusanci daskarewa, lambunan Timiya kuma suka yi suna da lemo da rumman. Ko a waɗannan wurare ban ga dalilin ɓata lokaci a kan Bartlett ko Comice ba. Limuru ta ƙasar Kenya, da aka san ta da fiya, ta haura mita 2,000. Mai lambu a Jos ko Gembu ya tsaya kan Hood da Flordahome da Le Conte da ire-irensu, ya koyi tsige ganye da lanƙwasa rassa, ya kuma ɗauki abin a matsayin gwaji na bishiya biyu ko uku kafin ya sare mangwaronsa.

Na ce biyu ko uku da gangan. Yawancin nau'o'in fiya ba sa karɓar garin furen kansu, sai na wani nau'i dabam da ke fure a lokaci guda. Bishiya biyu na nau'i ɗaya tamkar bishiya ɗaya ce, tunda daga reshe guda aka yanko su. Ƙari a kan haka ruwan furen fiya ba shi da zaƙi sosai, ƙudan zuma na barinsa idan akwai wani fure kusa, don haka kada a nisanta su da juna. Wanda filinsa bai isa ba yana iya aura nau'i biyu a gindi ɗaya.

Batun aure kuwa manomanmu ba baƙinsa ba ne. Duk wanda ya shuka ƙwallon mangwaro ɗan aure ya ga abin da ya fito ya san iri ba ya gadon uwarsa. Haka fiya take, har ma ta fi: 'ya'yan da ka ciro daga wadda ka saya a kasuwa, in ma sun tsiro bayan sun kwana biyu a firji, za su ba ka bishiya mai ƙaya da za ta iya kai shekara goma kafin ta nuna maka abin da ta ƙunsa, kuma da wuya ya zama abin kirki. Duk wata Bartlett da ke duniya reshe ce daga waccan bishiya ta Aldermaston. Don haka tambaya biyu ce za ka yi wa mai sayar da dashe, sunan nau'in da ke sama da sunan gindin da aka aura shi a kai, ka kuma nemi ya nuna maka tabon auren. A Turai ana yawan amfani da gindin wata 'yar uwarta da Larabawa ke kira safarjal, domin yana taƙaita girman bishiya ya sa ta fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu, sai dai Bartlett da Bosc ba sa jituwa da shi sai an sa wani reshe a tsakani, nau'o'in Asiya kuma ba sa yi da shi. A ƙasashe masu ɗumi gindin fiyar daji ta Asiya ake so. Mai sayarwar da ya ce maka sunanta fiyar waje kawai, ka yi masa sallama.

Akwai wata cuta da ba zan tsallake ba, domin tana shafar maƙwabta. Ƙwayar bakteriya ce da ke shiga ta fure a lokacin ɗumi da laima, ta mayar da reshe baƙi kamar wuta ta babbake shi, ƙarshensa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. An fara ganin ta a jihar New York a 1780, ta isa Ingila a 1957, ta shiga Masar a shekarun 1960 inda daga baya ta yi wa gonakin Le Conte mummunar ɓarna. Bartlett da Bosc da Hosui duk suna da rauni a gabanta, Kieffer da Hood sun fi juriya. A jikin reshe da dashe take tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa. Wanda ya cusa 'yan rassa a akwatinsa daga ƙetare don ya burge abokai yana iya shigo da annobar da za ta kashe tuffar mutanen da bai taɓa gani ba. Hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, ita ke ba da izinin shigo da tsirrai, kuma wannan na cikin dokokin da ke da dalili.

'Yan uwanmu mazauna Ingila da arewacin Turai da suka sami ɗan fili a bayan gida, su matsalarsu ta juye: sanyi ya wadata, rana ce ta yi ƙaranci, fiyar Japan kuma tana son zafin bazara kafin ta yi zaƙi. A can babu kamar Conference, wadda gidan rainon itatuwa na Rivers ya fitar ta ci kyauta a taron fiya na Landan a 1885, daga nan ta sami sunanta. Tana iya ɗaukar 'ya'ya ko babu abokiyar barbara, ko da yake sun fi kyau idan akwai, kuma tana da daɗi tun tana da ƙarfi, wato wanda ke son garas-garas ya ci da wuri, wanda ke son laushi ya jira kwana biyar. Su tuna kuma bishiya ce mai tsawon rai. A Danvers ta jihar Massachusetts akwai wadda gwamna John Endecott ya dasa a wajen shekarun 1630, har yau tana 'ya'ya.

Saura mu, mafi rinjaye, mazauna Kano da Sakkwato da Maraɗi da Maiduguri, da nake cewa mu haƙura da fiya. Idan garas-garas da ruwa da ɗan tsami ake nema, amsar tana tsaye a bakin gonakinmu da ƙayarta. Magarya da muka raina, wadda yara ke tsinta busasshiya, tana da 'yan uwa a Indiya da aka daɗe ana tacewa, irin su Gola da Seb da Umran, masu 'ya'ya da suka ninka namu girma sau da yawa, ana cin su ɗanye kamar ƙaramar tuffa. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aikin aura su a kan gindin magaryar gida, abin da aka yi wa laƙabi da tuffar Sahel. Ba ta neman awa ɗaya ta sanyi, saiwarta ta san fari, kuma tsohuwar magaryar da ke bayan gida ma ana iya sare ta a aura sabon reshe a kan tohon da ya fito. Abin da take bukata shi ne a yi mata aski sosai a bazara lokacin da ta zubar da ganye, a ba ta ruwa idan ta ɗauki 'ya'ya bayan damina, a kuma tsinke su da zarar koren ya fara komawa ruwan ɗorawa, kafin ƙudan 'ya'yan itace ya riga ka.